Ƙananan Masu Buga Littattafai a Tarihin Adabin Hausa

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin tarihin rubutaccen adabin Hausa ya haddace sunayen Hukumar Fassara da Hukumar Talifi da NORLA da Kamfanin NNPC. Ba na musun darajar waɗannan hukumomi. Amma tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce: wa ya kai littafin Hausa ɗakin matar aure a garinmu Maradun, inda ba kantin NNPC, ba kuma wakilinsa? A ganina ƙananan masu buga littattafai ne suka yi wannan aiki, watau mutanen da ba su suka kafa fagen ba, amma su suka cika shi.

Zamanin ƙofa ɗaya

An kafa Hukumar Fassara a 1929. Bayan ta zauna Zariya a hannun Dokta Rupert East aka mayar da ita Hukumar Talifi, ita ce kuma ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. NORLA ta yi aiki cikin shekarun 1950 har aka rufe ta a 1959, sannan a 1966 aka kafa NNPC da haɗin gwiwar Kamfanin Gaskiya da Macmillan na Ingila.

Mai karatu zai lura cewa sunaye ne ke canzawa, amma ƙofar guda ce, kuma a Zariya take. Abu biyu wannan ƙofa ta mallaka. Na farko, daidaita yadda za a rubuta Hausar boko, musamman bayan kafa Hukumar Kula da Harshen Hausa a 1955. Na biyu, kasuwar makarantu, domin littafin da ya shiga manhaja shi ke da tabbacin ciniki. Saboda haka mai rubutun da bai dace da aji ba, ko ya aika, sai ya yi ta jiran gawon shanu. Ko gasar da NNPC ta yi a ƙarshen shekarun 1970, littattafai uku ta fitar a 1980: Mallakin Zuciyata da So Aljannar Duniya da Amadi Na Malam Amah. Ina littafi uku zai ishi dubban yaran da shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya koya wa karatu?

Misali daga wata ƙasa

Domin a gane irin wannan hali sosai, bari in kawo misali daga nesa. A Amurka akwai wani wasa da ake kira Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka tsara, kamfanin TSR ya buga a 1974. Wasan ya yi kama da tatsuniyar da ake haɗuwa a ƙaga: mutane na zagaye tebur, ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, sai a jefa ɗan lido mai lambobi a ga ko jarumin ya yi nasara. Dokokin wasan a littafi suke, amma kowane zama yana bukatar sabon labari, kamfanin kuwa ba ya iya samar da isasshe. A 1976 wani ƙaramin kamfani, Judges Guild, ya sami izini ya riƙa buga labarai da taswirori bisa waɗannan dokoki. A 2000 sabon mai wasan, Wizards of the Coast, ya ba da lasisin da ya buɗe wa kowa ƙofa, har wani daga cikin ƙananan, Paizo, ya fitar da nasa wasan Pathfinder a 2009, ya zama kishiyar uban gidan. Da kamfanin ya nemi tsuke lasisin a Janairun 2023, masu wasa da ƙananan masu bugu suka yi ca a kansa, dole ya janye.

Abin lura a nan shi ne, mai dokoki daban, mai ciyar da jama'a daban. Bambancinmu da su ɗaya ne: ba wanda ya taɓa mallakar harshen Hausa balle a nemi lasisi a wurinsa. Baƙaƙen da Zariya ta daidaita sun zama na kowa.

Fitowar 'yan ƙasa da kansu

A farkon shekarun 1980 kuɗin man fetur ya ja baya, takardar bugu ta yi tsada, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 kuma ya ƙarasa karya manyan kamfanoni. Suka koma ga littattafan manhaja kusan kaɗai. In ruwa ya ƙi hanya, ai sai ya nemi wata. A tsakiyar shekarun nan Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina ba tare da ta bi ta Zariya ba. Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya a 1987, da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. A Kano marubuta suka haɗu cikin ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya, suna buga tambarin ƙungiya a bangon littafi, suna tallata na juna a shafin baya. Daga cikinsu Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Bilkisu Funtuwa kuma ta fito da Allura Cikin Ruwa.

Yadda sana'ar take tafiya abin nazari ne. Marubuci zai rubuta labarinsa a littafin rubutu na makaranta, ya kai a buga masa da tafireta, daga baya da kwamfuta, ya biya maɗaba'a daga aljihunsa. Sai ya kai wa 'yan kasuwar littattafai na Sabon Garin Kano, galibi bashi, sai an sayar a biya shi. Wannan ne ya sa ake raba labari kashi na ɗaya da na biyu da na uku: kuɗin na farko ne ke buga na biyu. Da tafiya ta yi nisa, wasu 'yan kasuwar suka koma sayen labarin ɗungurungum su buga da kansu, marubucin ya tashi da abin da aka ba shi rana ɗaya. Ke nan ko a cikin ƙananan ma akwai mai ci da wanda ake ci da guminsa.

Daga Kano littafin kan biyo motar 'yan tireda zuwa Gusau, ya sauka kasuwar Talata Mafara, daga nan ya shiga Maradun da Bakura tare da turare da man shafawa. Yayyena mata sun shaida mini cewa littafi ɗaya kan zaga gida goma a hannun 'yan talla, wani da haya, wani da aro, har bangonsa ya fita. Da yawa daga matan da aka cire daga makaranta aka yi musu aure, da waɗannan littattafai ne karatunsu bai zube ba.

Suka da takunkumi

Ba a bar su sun sha ruwa ba. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onica, Abdalla Uba Adamu kuwa ya tsaya musu a muhawarar da aka daɗe ana yi a jaridu cikin shekarun 1990. Akwai gaskiya cikin sukar: ƙa'idojin rubutu sun sha wuya, ba mai tacewa, wasu labaran kuma finafinan Indiya ne aka sa wa hula. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano ta kai ga ƙona wasu littattafan da aka karɓe daga hannun 'yan makaranta. Duk da haka, a cikin waɗannan littattafai an ji mata da bakinsu suna maganar auren dole da kishi da sakin wulaƙanci. Jerin da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka tattara na 1987 zuwa 2002 ya ƙunshi littattafai fiye da 700. A 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci.

Kammalawa

Yau yawancin sababbin marubuta sun koma wayar hannu, suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. Mu a Zamfara mun ga raunin wannan a Satumbar 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya saboda 'yan bindiga. Hanyar kasuwa da ta waya suka toshe tare, ba abin da ya rage sai tsofaffin littattafan da ke ƙasan akwati.

To, waɗannan tsofaffin ma gara da damina na cinye su, domin da takarda mai araha aka buga su. Abin takaici ne a ce ɗalibin Maradun zai fi saurin samun su a ɗakin karatun SOAS na Landan fiye da garinsu. Shawarata ga 'yan'uwa a wannan ƙungiya ita ce, duk wanda ya je hutu ya roƙi iyaye da yayye su ba shi abin da ya rage, ya rubuta sunan marubuci da maɗaba'a da garin da aka saya, mu tara a sashenmu. Malamanmu kuma muna roƙonsu su ba wa wasunmu aikin binciken 'yan kasuwar da suka yi dakon littattafan nan, tun suna da rai ana iya tambayarsu.

Allah ya sa mu dace, amin.