Asalin Ƙungiyar Makaɗa da Rabuwarta

A can da, a ƙasar Dutse da kewayenta, kowane kiɗi da masu shi. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, tambari da kakaki kuwa sai ƙofar fada. Kiɗin ma ba baƙo ba ne a wannan yanki, don a Birnin Kudu akwai duwatsun da in an buga su sukan yi amo kamar ƙararrawa, waɗanda wani Bature mai suna Bernard Fagg ya bincika a 1955.

To, a gona ake ganin tushen ƙungiya. Ranar gayya ganga ɗaya ba ta cika fage, murya ɗaya kuma ba ta kai wa na ƙarshen kunya. Sai makaɗi ya jawo ƙaninsa ya rataya masa ƙaramar ganga, ya sa 'ya'yansa biyu su riƙa karɓa masa waƙa. Waɗannan su ne 'yan amshi. Da kyauta ta fara shigowa, dami nan, riga can, sai aka buƙaci mai bakin da zai ɗaga ta sama ya faɗa wa taro wanda ya bayar, wato sanƙira. Shi ke nan, ƙungiya ta tashi, yawancinta 'yan gida ɗaya.

Abin da ya tara su shi yake raba su. In an tashi daga biki ko an dawo daga kasuwar Shuwarin, uban kiɗi ke zube abin da aka samu a tabarma ya yi rabo, nasa kason kuma ya fi na kowa. Ɗan amshin da ya kwana yana ƙwala murya yakan yi shiru shekara ɗaya, biyu, har ranar da zai ji mata a bayan danga suna cewa don muryarsa suka zo. Daga ranar nan ba ya ƙara barci sosai. In mai ladabi ne, sai ya durƙusa ya ce, "Baba, a sa mini albarka in gwada." Wani kuwa sai dai a wayi gari a tarar ya tafi da mai kalangu ɗaya. Ni dai ban ga laifin mai tafiya ba, muddin ya yi sallama, don shi uban kiɗin ma a bayan wani ya koyi buɗe baki. Dubi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991. Ya yi wa mahaifinsa amshi, ya zauna a ƙarƙashin yayansa Kurya a Maradun, kafin ya ja tasa ƙungiyar.

Haka abin yake har a Amurka. Louis Armstrong ya shiga ƙungiyar maigidansa King Oliver a birnin Chicago a 1922 yana busa a bayansa, a 1924 ya bar shi ya tafi New York, daga baya sunansa ya shafe na maigidan.

Sake haɗuwa kuwa ba ta da wuya. Damina kan kora kowa gonarsa, rani ya kai wasu Kano cin rani. Amma da kaka ta yi, bukukuwa suka kankama, ko aka doshi hawan Salla a Garu, inda fadar Dutse take, sai mai murya ya ga ba shi da mai kiɗi, mai kiɗi ya ga ba shi da mai murya. Sai a nemi wani dattijo ya shiga tsakani, a ɗaure fatar ganga, a koma fage tare.

Yau da na'urar kiɗa ke cinye musu bukukuwa, ina roƙon mai shirin aurar da 'ya a Dutse, ko Kiyawa, ko Jahun, ya kira masu kalangun garinsu ko da na yini ɗaya ne. In zai yi kari kuma, kada ya manta da yaron nan da ke tsaye a baya yana amshi.