Ɗafa-goshin Wakilin Suna a Nahawun Harshen Wendat

Tun cikin ƙarni na 19 aka daina samun yaran da ke tashi da harshen Wendat a bakinsu a Wendake, kusa da birnin Kwebek na Kanada. Masu harshen ba su yarda ya mutu ba, cewa suke barci yake yi, kuma a 2007 suka ƙaddamar da shirin Yawenda tare da Jami'ar Laval domin tayar da shi. A ganina, nasarar wannan aiki ta rataya ne a wuyan wani ɗan guntun sashe na kalma, wato ɗafa-goshin da ke zaune a gurbin wakilin suna.

A Wendat, kamar sauran harsunan Irokwa na arewa, aikatau ba ya fitowa sai da wannan ɗafi, shi ya sa kalma guda kan zama cikakkiyar jimla. Ɗafin iri uku ne. Akwai na aikau, kamar ha- da ke nufin namiji tilo mai aikatawa. Akwai na karɓau, kamar ho-, namijin da abu ya sama. Na ukun kuwa yakan dunƙule mutum biyu wuri ɗaya, kamar yon-, wato ni gare ka. Bahaushe ya saba da rarrabe "ya" da "ta", to amma Wendat ya zarce nan. Yana ware tilo da jam'i da abin da masu nahawun Larabci ke kira musanna. Sannan "mu" ɗinsa na aikau yana fayyace ko mai saurare na ciki ko ba ya ciki.

Inda lamarin ya fi zurfi shi ne, zaɓin ɗafin yana bin ma'ana. Aikataun da ke nuna halin da ya faɗa wa mutum ba da ikonsa ba, kamar ciwo, yakan ɗauki ɗafin karɓau ko da babu wani mai aikatawa. Haka kuma wanda ya aikata abu da kansa yakan koma ɗafin karɓau idan ana bayanin yanayin da aikin ya bari. Ashe ke nan wanda ya haddace sunayen dabbobi da launuka bai ma taka ƙofar harshen ba.

Limaman Katolika Faransawa sun ci karo da wannan tun da wuri. A rahotonsa na 1636, ɗaya daga cikinsu, Jean de Brébeuf, ya bayyana cewa mutanen Wendat ba sa iya ambaton uba ko ɗa ba tare da faɗin na wane ne ba, har ya nemi izinin sauya lafazin wata addu'ar Kirista saboda haka. Dalilin na nahawu ne: kalmomin dangantaka suna ɗauke da ɗafin da ke haɗa mutum biyu.

Waɗannan limamai sun cancanci yabo. Sun lura cewa siffar ɗafin tana sauyawa gwargwadon sautin da saiwar kalma ta fara da shi, suka kasa aikatau aji biyar, kuma Pierre Potier ya bar kundin nahawu mai ɗauke da shekarar 1745. Sai dai kunnensu na Faransanci ne, hamza ta kuɓuce musu, sautin h ma sau da yawa haka. Domin cike giɓin ake kwatanta rubutunsu da harsuna 'yan'uwa masu rai. Inda Mohawk ke da ra- da ro- da ka-, Wendat na da ha- da ho- da ya-, kuma wannan daidaito ba ya saɓawa sai da dalili. Irin wannan hanya Megan Lukaniec, 'yar ƙabilar, ta bi a kundin digirinta na uku na 2018 kan ƙirar aikatau.

Ana iya cewa jadawalin ɗafi mai yawa haka zai kori ɗalibi tun ranar farko. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma maganinsa shi ne a koyar da su kaɗan-kaɗan cikin zance. Jinkirta su kuwa kuskure ne, domin ɗalibin da bai riƙe su ba ba zai iya gina jimla ko ɗaya ta kansa da Wendat ba.