BABI NA BIYU: TARIHIN NAZARIN ADDINAI DA FALSAFA A JAMI'O'IN NIJERIYA

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a waiwayi yadda nazarin addinan duniya ya zama fanni mai cin gashin kansa a jami'a, da yadda ya shigo Nijeriya. Abin da ake son fitarwa shi ne, karanta addini domin a bi shi daban yake da nazarinsa domin a fahimci mabiyansa, kuma a kan wannan bambanci ne jami'o'in ƙasar nan suka rabu gida biyu.

2.1 Asalin Fannin

Malaman Musulunci na daga cikin waɗanda suka share fagen wannan ilimi. Al-Biruni ya koyi harshen Sanskirit, sannan ya rubuta littafi a kan aƙidun Indiyawa wajen shekarar 1030. Shi kuwa Shaharastani, wanda ya rasu a 1153, a littafinsa Al-Milal wan-Nihal ya bayyana aƙidun Yahudu da Nasara da Majusawa, ya kuma haɗa da ra'ayoyin masana falsafar Girka. Ke nan tun a wancan zamani addini da falsafa tare ake nazarinsu.

A Turai, fannin bai sami gindin zama ba sai a ƙarni na 19. A 1873 Max Müller ya buga laccocinsa a kan nazarin addini a ilmance. Bayan shekara uku, wato a 1876, ƙasar Holan ta yi dokar da ta buɗe ƙofar koyar da tarihin addinai a jami'o'in gwamnati.

2.2 Tafarkin Ibadan

An kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948. Da yake garin ya tara Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya, sai aka buɗe sashen nazarin addinai maimakon sashen tauhidin Kirista zalla, irin wanda aka saba da shi a Ingila. Geoffrey Parrinder ya koyar a can daga 1949 zuwa 1958, ya kuma wallafa littafi a kan addinin gargajiya na Afirka a 1954. Bolaji Idowu ya biyo baya da littafinsa a kan Olodumare a 1962. Mujallar sashen, wadda ta fara fitowa a 1967, sunanta Orita, wato mararrabar hanyoyi da Yarabanci, domin nuni ga haɗuwar addinan uku. Duk da haka, malaman farko na sashen galibinsu ma'aikatan coci ne, don haka karatun ya fi karkata ga Kiristanci. A farkon shekarun 1960 aka buɗe wa Larabci da addinin Musulunci sashe nasu daban.

2.3 Tafarkin Arewa

A Arewa buƙatar ta bambanta. Abin da ake nema shi ne alƙalai da malaman Larabci, ga kuma ɗari-ɗarin da jama'a ke yi da boko saboda alaƙarsa da mishan. Makarantar Shari'a da aka kafa a Kano a 1934 ita ce ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A harabarta aka fara kwalejin 1960 wadda daga baya aka sa wa sunan Abdullahi Bayero a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta kuma zama Jami'ar Bayero a 1977. A wannan tsari, falsafa da kwatanta addinai sun shigo ne a matsayin darussa cikin karatun addinin Musulunci.

2.4 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa kowane tafarki da ribarsa da giɓinsa. Na Ibadan ya ba ɗalibi faɗi, na Kano ya ba shi zurfi. A ƙasar da Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya, ɗalibin da ya san addininsa kaɗai zai riƙa jin labarin na maƙwabcinsa ne daga bakin masu husuma. Babi na uku zai duba manhajojin sassan biyu.