Yadda Aka Fara Fasa Tsakuwar Ƙoda Ba Tare Da Wuƙa Ba

Wani mai sauraronmu daga Haɗeja ya aiko yana tambaya, wai shin gaskiya ne akwai injin da ke fasa tsakuwa a cikin mutum ba a tsaga shi ba? Kuma wa ya ƙirƙiro shi?

To malam, gaskiya ne. Tsakuwar nan a ƙoda take haɗuwa, daga gishirin da ke cikin fitsari. Wani lokaci sai ta gangaro ta maƙale a siririn bututun da ke kai fitsari mafitsara, wanda tsawonsa bai wuce santimita 30 ba, faɗinsa kuwa kamar tsinken tsintsiya biyu. A nan ne za ka ga ƙato yana birgima riƙe da kwiɓi.

A zamanin da, wuƙa ce maganinta, kuma da yawa ba sa tashi. Likitan Andalus, Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya bayyana yadda ake huda tsakuwar da ta toshe hanyar fitsari da siririn ƙarfe. A 1824 kuma Jean Civiale na Faransa ya zura wani ƙarfe cikin mafitsara ya niƙe tsakuwa.

Injin da kake tambaya kuwa, daga wajen maƙera jirgin sama ya fito. Injiniyoyin kamfanin Dornier na Jamus sun lura cewa ɗigon ruwan sama, in ya bugi jirgi mai tsananin gudu, yakan haifar da wata girgiza mai cin ƙarfe. Sai aka gano girgizar tana ratsa ruwa da tsoka ba ta yi ɓarna sosai ba, amma in ta tarar da abu mai tauri sai ta farfasa shi. Ran 7 ga Fabrairu, 1980, a birnin Munich, Dakta Christian Chaussy da abokan aikinsa suka yi wa mutum na farko. Lokacin a cikin kwarmin ruwa ake kwantar da majinyaci. Yanzu a kan gado ne, a auna tsakuwar da hoto, a yi ta aika mata bugu dubu 2 zuwa 4 cikin kamar sa'a guda, har ta zama yashi ta fita da fitsari.

Amma fa ka ji inda gizo ke saƙa. Injin fasawa kawai yake yi, dole hanya ta kasance a buɗe kafin ɓarɓashin ya fita. Ku mutanen fadamar Haɗeja, masu noman shinkafa da masu su, kun san tsargiya. Idan ta daɗe a jiki takan ƙuntata wannan bututu, sai likita ya koma ga zura na'ura ta hanyar fitsari, ko tiyata. Haka kuma ba a yi wa mai ciki, ko wanda jininsa ba ya saurin tsayawa.

Saboda haka in ka ga jini a fitsari, ko ciwon kwiɓi mai sauka zuwa mara, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe, ka nufi asibiti. Tsakuwar da ta toshe hanya makonni tana iya kashe ƙoda, ko da ciwon ya lafa. A zafin bazara kuma, ko a gona ko a kasuwa, ka riƙa shan ruwa har fitsarinka ya yi fari. Da fatan ka gamsu.