Ƙudan 'ya'yan itatuwa: shin hana shi iskar oksijin zai ceci amfanin Kura da Bunkure?

Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ne ya mayar da Kura, Bunkure da Garun Malam cibiyar noman rani a Jihar Kano. Sai dai wani kaso na kankana, kokwamba da mangwaron yankin yakan ruɓe kafin ya kai hannun mai saye. Cikin masu jawo wannan asara akwai ƙudan 'ya'yan itatuwa.

Yadda ƙudan yake ɓarna

Macen ƙudan tana huda bawo ta zuba ƙwai a ciki. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki, tsutsa ta riƙa cin ɗan itacen daga ciki alhali bayansa yana nan sumul. Saboda haka feshi ba ya riskarta bayan girbi. Nau'in da ya fi addabar mangwaro, Bactrocera dorsalis, ɗan asalin Asiya ne. An fara ganinsa a Kenya a 2003, kuma cikin 'yan shekaru ya bazu zuwa Afirka ta Yamma.

Mene ne rage oksijin?

Kusan kashi 21 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa oksijin ne. Idan aka rufe amfani a ɗakin da iska ba ta shiga, aka cika shi da naitirojin ko kabon dayoksaid har oksijin ya yi ƙasa sosai, ƙwai da tsutsa sukan mutu. Hanyar ba ta barin ragowar guba a abinci. A 2021 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya suka amince da ƙa'idar ISPM 44 kan amfani da ita.

Kano ta riga ta san dabarar

Buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, yana aiki ne a kan wannan tushe. Yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Da zarar an ɗaure shi, ƙwarin wake suna shaƙe iskar da ta rage, su daina cin waken, daga baya su mutu. Amfanin hakan ya fito fili a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan gubar dichlorvos a cikinsa.

Inda gizo ke saƙar

Busasshen wake yana jure rashin iska na watanni. Ɗanyen mangwaro kuwa yana ci gaba da numfashi bayan an tsinke shi. Idan ya daɗe babu oksijin, sai ya yi tsami, cikinsa ya lalace. Dole a auna iska, sanyi da tsawon lokaci daidai da kowane irin amfani, kuma sau da yawa ana haɗa dabarar da zafi ko sanyi. Wannan yana buƙatar ɗakin da aka like tsaf, na'urar awo da wutar lantarki mai ɗorewa, abubuwan da suka fi ƙarfin ƙaramin manomi.

Abin da zai yiwu yanzu

A gona, tattara 'ya'yan da suka faɗo a binne su da zurfi, ko a ɗaure su cikin baƙar leda a shanya a rana, yana katse hayayyafar ƙudan. Tarko mai ɗauke da sinadarin da ke jan namijin shi ma yana rage shi. Amma ɗakunan adana na haɗin gwiwa a kasuwanni irin su Kwanar Gafan da 'Yan Lemo aiki ne na gwamnati, ƙungiyoyin manoma da masu zuba jari. Ya dace a tambayi duk ɗan takarar da ya yi alkawarin bunƙasa noman rani: bayan an samar da ruwa, wane tanadi ya yi wa amfanin da aka girbe?