Sabunta kwamfutar wasa a ƙasar zafi: yadda ake zaɓen firosesa da abin sanyaya shi

Idan kwamfutar wasa ta fara nauyi, ƙwallo na tsayawa a tsakiyar fili cikin EA Sports FC ko eFootball, mota na tsalle-tsalle a GTA V, abin da ke fara faɗo wa mai ita a rai shi ne ya kira ɗan'uwa da ke Faransa, Beljiyam ko Amurka, ya ce a aiko masa da firosesa mafi ƙarfi. To a nan ne kuɗi ke yawan salwanta. Firosesan da ya fi ƙarfi shi ya fi fitar da zafi, kuma gudun nan da aka rubuta a jikin kwali ba ya fitowa sai in an iya kwashe zafin. A Yamai, Tawa, Maraɗi ko Damagaram, inda rana kan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wannan babban sharaɗi ne, musamman ga mai ɗakin wasa da ke neman abincinsa da na'urorin nan.

Abin da zafi ke yi wa firosesa

Firosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɗan ƙarfe ne mai kusurwa huɗu da bai kai tafin hannu ba. Duk lantarkin da ya sha, zafi yake komawa. Wanda ke shan wat 65 yana zuba zafin wat 65 cikin akwati, wanda ke shan 250 kuwa ya zuba kusan ninki huɗu, kuma ta ɗan wurin nan guda za a fitar da shi.

Kowane firosesa na da iyakar da kamfani ya sa masa. Yawancin na Intel na tebur iyakarsu digiri 100 ce. Ryzen 7000 na kamfanin AMD suna tsayawa a 95, Ryzen 7 5800X3D a 90, shi kuma 7800X3D a 89. In ya kai nan ba ya ƙonewa, sai ya rage gudu da kansa don ya huce, in abin ya ci tura ya kashe na'urar gaba ɗaya. Shi ya sa za ku ga wasa na tafiya lafiya lau a minti goman farko, daga nan fanka ta fara kuka, hoto ya fara yankewa.

Ga wani abu da masu kallon bidiyon gwaji a YouTube ba su cika lura da shi ba. Fanka ba ta ƙera sanyi, iskar ɗaki take ɗauka ta hura. Masu gwajin can galibi cikin ɗaki mai digiri 22 zuwa 25 suke aiki. In sun nuna firosesa ya tsaya a 75 cikin ɗaki mai 23, ma'ana ya ɗara ɗakin da 52. Ku kawo na'urar nan ɗakin kwano mai digiri 40, lissafi ya kai ku wajen 92, bakin iyaka kenan. Saboda haka duk lambar da kuka gani a irin waɗannan gwaje-gwaje, ku ƙara mata 15 ko fiye in lokacin bazara ne kuma babu kilim a ɗakin.

A fara gano mai laifi

Ba kullum firosesa ne ke riƙe wasa ba. A yawancin wasanni katin hoto ne ke ɗaukar babban kaya. Ku buɗe wasa, ku danna Ctrl, Shift da Esc tare, ku duba shafin da ke nuna aikin kowane sashe. In katin hoto na kusa da kashi 100 alhali firosesa na hutawa, sabon firosesa ba zai ƙara muku komai ba. In RAM ce ta cika, a ɗaga ta daga giga 8 zuwa 16, kuma sanduna biyu masu giga 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 gudu. Manhajar HWiNFO ko HWMonitor, duka kyauta ne, za su nuna zafin firosesa yayin wasa. Sau da yawa na'urar da ake shirin kashe mata jikkuna, shara kawai take buƙata da sabon man sanyaya.

Gurbi ne ke yanke hukunci

Firosesa na zama ne cikin wani gurbi a kan babban allo, wanda masu gyara ke kira kart-mer. Na Intel ba ya shiga gurbin AMD, kuma ko cikin gida ɗaya ma zamani ya bambanta. A wajen Intel, gurbin LGA1200 na zamani na 10 da na 11 ne, LGA1700 na zamani na 12, 13 da 14 da suka fito daga 2021 zuwa 2023, sai LGA1851 da ya zo a 2024 tare da Core Ultra 200S. A wajen AMD, gurbin AM4 ya ɗauki Ryzen tun daga na farko a 2017 har zuwa jerin 5000, sannan AM5 ya zo a 2022.

Mai allon AM4 shi ne mai sa'a. Wanda ke da tsohon Ryzen a kan allo irin B450 zai iya sa Ryzen 5 5600 ba tare da ya canza allo ko RAM ba. Sharaɗi guda ne: a sabunta BIOS tun tsohon firosesan na ciki, don in an riga an cire shi allon na iya ƙin tashi. Kuma kada a yi wannan aiki lokacin da wuta ke wasa, domin in ta ɗauke ana tsaka da sabuntawa allon kan iya mutuwa. Komawa AM5 kuwa tafiya ce mai tsada, allo sabo ne, RAM ma sabuwa, tunda DDR5 kaɗai yake karɓa. Allunan LGA1700 iri biyu ne, akwai na DDR4 akwai na DDR5, sai an duba.

Ƴan'uwa da ke waje, kafin ku sayi komai ku sa a buɗe manhajar CPU-Z a kan na'urar, a ɗauki hoton shafin allo da na RAM a turo muku ta WhatsApp. Kaya ne da in ya iso bai shiga ba, mayar da shi ya fi sayensa wahala. Ku kuma kula da haruffan ƙarshe: na Intel mai F ba shi da sashen hoto a cikinsa, dole sai da katin hoto, haka ma Ryzen 5 5600, saɓanin 5600G. Mai K kuma ba ya zuwa da fanka a kwali. In kwamfutar tsohuwa ce sosai, Windows 11 ba ya karɓar na ƙasa da zamani na 8 na Intel ko Ryzen 2000 a hukumance, ga shi kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025.

Lambar wat da abin da take ɓoyewa

Lambar da ake tallatawa ba ita ce iyakar abin da firosesa ke sha ba. Core i5-12400F an rubuta masa wat 65, amma yana iya kai 117 in aiki ya yi nauyi. Core i9-13900K da 14900K an rubuta musu 125, suna kai 253. A gidan AMD, mai 65 kan kai 88, mai 105 kan kai 142.

A ganinmu, ga mai wasa a ɗakin da babu kilim, ajin wat 65 ya wadatar. Ryzen 5 5600 da i5-12400F kowanne na da zukata 6, kuma wasannin ƙwallo da na harbi da aka fi bugawa ba su neman fiye da haka. Mai hali da ke son na gaba, jerin X3D na AMD ya fi dacewa da mu: 5800X3D na 2022, 7800X3D na 2023 da 9800X3D na ƙarshen 2024. Ƙarfinsu daga babbar ma'ajiyar da ke cikinsu yake, ba daga shan wuta ba, a cikin wasa ba su cika jan lantarki da yawa ba. Sai dai ba su zuwa da fanka, kuma biyun farko iyakar zafinsu ƙasa take, don haka ba a yi musu rowar abin sanyaya. Shi kuwa i9, gaskiya ba don ɗakin kwano aka yi shi ba. Ƙari a kan haka, a 2024 Intel ta amsa cewa wasu firosesoshinta na tebur na zamani na 13 da 14 na lalacewa a hankali saboda yawan ƙarfin lantarkin da suke nema, ta fitar da gyara ta hanyar BIOS, ta ƙara shekara biyu a kan garanti. Gyaran na hana ɓarna ta gaba, ba ya warkar da wanda ya riga ya taɓu. Wanda aka kawo masa irinsu na hannu, ya yi hattara.

Iska ko ruwa

Ƙaramar fankar da ke zuwa cikin kwali, kamar Wraith Stealth ta AMD, tana aiki a ƙasar sanyi. A nan kuwa da ƙyar take riƙewa a bazara. Abin da ya fi shi ne irin mai tsayi kamar hasumiya: bututun jan ƙarfe huɗu ko shida ne ke ɗauko zafi daga kan firosesa su kai shi cikin siraran faifan alminiyam, fanka mai milimita 120 ta hure shi. Cikin bututun akwai ɗan ruwa kaɗan da ke zama tururi a ƙasa, ya huce a sama ya dawo, babu famfo babu abin da zai mutu in ban da fanka, ita kuma kowane mai gyara na iya canza ta. Hyper 212 na Cooler Master ko AK400 na DeepCool sun ishi firosesa mai wat 65. Na sama da haka a nemi mai hasumiya biyu, irin Peerless Assassin 120 na Thermalright ko NH-D15 na Noctua. Sai an auna faɗin akwati tukuna, domin NH-D15 tsayinsa milimita 165 ne, akwatuna da yawa ba su rufuwa a kansa. A kuma tabbata ƙarafan ɗaurin gurbinku na cikin kwali.

Mai ruwa, wato mai famfo da lagireto na milimita 240 ko 360, yana da kyan gani kuma yana kwashe zafi da yawa. Amma shi ma da iskar ɗaki yake sanyaya ruwan, ba zai sauko ƙasa da ita ba. Haƙoran lagiretonsa a matse suke, ƙurar hunturu na toshe su da wuri. Ranar da famfo ya tsaya kuwa, zafi kan hau nan take, kuma ba gyara ake yi ba, sabo ake saye. Wanda ke nesa da babbar kasuwa, na iska ya fi masa kwanciyar hankali.

Wajen ɗaurawa

A cire wuta daga bango, a taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa allo, musamman da hunturu lokacin da jiki ke tara lantarki. Tsakanin firosesa da gindin abin sanyaya ana sa wani mai na musamman, pat tarmik a bakin masu gyara, wanda ke cike ƴan ramukan da ido ba ya gani. Ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya ya isa. A goge tsohon da alkol da tsumma mai tsabta. Man goge baki ko giris na mota ba su maye gurbinsa, ko wa ya gaya muku. Akwai ƴar leda a manne a gindin sabon abin sanyaya, a ɓare ta, mutane da dama kan manta. A ɗaure sukurori kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan wadda ke fuskantarta, sai a soke wayar fanka inda aka rubuta CPU_FAN.

A gurbin AM4 allurai a jikin firosesa suke, kuma tsohon mai kan kama kamar danƙo. A bar na'ura ta yi aiki ta ɗumama, a kashe, a murɗa fankar a hankali kafin a ɗaga, in ba haka ba sai ta fizgo firosesan allurai su lanƙwashe. A AM5 da na Intel alluran a cikin gurbi suke, yatsa ma kada ya kai can.

Akwati, ƙura da wuta

Abin sanyaya mai tsada cikin akwatin da babu iska, asara ce. A nemi akwati mai raga a gaba, fanka biyu na shigo da iska, ɗaya na fitarwa a baya. In mai shiga ta fi mai fita yawa, ƙura ba ta kutsowa ta kowace kafa, ta kan raga take bi, raga kuwa ana cirewa a wanke. A ɗaga na'ura daga ƙasa, a ba ta tazara da bango, kada a kulle ta cikin kabad. Da hunturu a hure ta kowane wata, a riƙe fankoki da yatsa kada iska ta juya su fiye da kima.

Tsoffin kwamfutocin ofis irin Dell OptiPlex da na HP da ke cika kasuwanninmu, ƙananan cikinsu ba su ɗaukar hasumiya, kuma akwatin raba wutarsu ƙarami ne, sau da yawa ma filoginsa na musamman ne. A ƙara musu RAM da SSD da ƙaramin katin hoto, a tsaya nan. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa firosesanta a like yake da allo, ba a canza shi.

Wutarmu bolt 220 ce, ta Amurka 120. Sababbin akwatunan wuta masu kyau na karɓar 100 zuwa 240 da kansu, amma wasu na da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. In an aiko da irinsa daga Amurka, a mayar da shi 230 kafin a soka a bango, in ba haka ba take zai ƙone. Ondilar kuma a zaɓe ta da lissafin wat, ba lambar VA da ke rubuce da manyan baƙaƙe ba, a haɗa abin da firosesa, katin hoto da ekiran ke sha, a bar rara a sama.