Gyaɗa da Rumbu a Ƙasar Rano

Ƙasar Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, tana kudu da birnin Kano. Tun zamanin kakanni, manomanta na Kibiya da Nariya da sauran ƙauyuka dawa da gero suke sa gaba. Gyaɗa kuwa 'yar tsarmi ce a tsakanin kunyoyi, mata su matse mai, su soya ƙuliƙuli.

A shekarar 1900 aka nuna wani inji irin na Rudolf Diesel a bajekolin birnin Paris, yana aiki da man gyaɗa tsantsa. Nan Turawa suka tabbata abin da mutum ke ci inji ma yana iya sha. Amma a lokacin sabulu da man shafa wa burodi suka fi so da ita.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka sa rai, sai manoma suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, ga shi kuma haraji ya koma na tsaba. Fatake suka bazu ƙauyuka suna ba da bashi, jakuna suka yi ta jigila zuwa birni. A 1913 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ta haura ton 19,000.

To, a wannan shekara ruwa ya ɗauke. Aka shiga yunwar 1914, wadda waɗansu ke kira Kakalaba. Gaskiya fari ne ya kawo ta, ba gyaɗa ba. Amma dā magidanci yakan ajiye hatsin shekara biyu ko uku a rumbu, wanda kuwa ya rage gonar dawa, ya sayar da damuna don biyan haraji, sai ya wayi gari da sulalla a aljihu, babu tiya a kasuwa. Mutane suka ci tafasa da ƙwayar tururuwa, da yawa suka mutu.

Maganar ta sake tasowa a 2007, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar tatso man mota daga rake da rogo a gauraya da fetur. Shekara na zagayowa, a 2008, hatsi ya yi tsada a duniya, kuma cikin dalilan har da masarar da Amurka ke juyawa mai. Tsadar ta kai har kasuwar Dawanau, inda masarar ƙasar Rano ke sauka.